Ranar da Na Fara Ganin Innarku Tana Cin Abinci

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, na san har jikokina sun ji ta: wai tun da na je Abuja na ci abinci da tsinke, na dawo na fi ƙarfin tabarmar ƙofar gida. Wasu kuma sun ce faɗa muka yi da Alhaji Bukar a kan iyakar gona a fadama. Babban yayanku ma, da ya kamata ya fi kowa sani, na ji shi da kunnena yana gaya wa baƙo wai likita ne ya hana ni gishiri, shi ya sa na daina fita ciyayya. Duk ba haka ba ne. Ban taɓa faɗa da Bukar a kan ƙasa ba, gishiri kuwa har gobe ina ci. Tun da Allah Ya ara mini rai na kawo nan a labarina, bari in faɗa muku yadda aka yi, kowa ya huta.

Ku da kuka saba cin abinci a gaban talabijin, kowa da farantinsa a cinya, ba lalle ku gane nauyin ciyayya ba. A unguwarmu ta Haɗeja, da an idar da magariba kowane gida zai fito da kwanonsa, magidanta mu zauna a ƙofar gidan Alhaji Bukar mu haɗa hannu. A nan ake sanin wanda ya kwana da damuwa, a nan ake yanke ranar da za a fita gayyar sare ciyawar kacala idan ta toshe hanyar ruwa, a nan ake sasanta aure tun bai kai gaban alƙali ba. Wurin zamana, jikin bango ta hannun dama, gadonsa na yi daga mahaifina. Ni da Bukar kuwa tun muna yara muke cin tuwo a akushi ɗaya, shi ya kama cinikin kifi, ni na kama na barkono da tattasai. Mata a cikin gida suke cin nasu, bayan namu ya fita. Innarku ta yi shekara arba'in da wani abu a gidana ban taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba. In na faɗo ɗaki ba zato na same ta tana ci, sai ta ja faifai ta rufe kwanon, ta goge hannu, ta ce mini sannu da zuwa kamar babu abin da take yi. Kada ku ɗauka wani ne ya tilasta mata. 'Yar masunta ce daga Kirikasamma, haka ta ga uwarta tana yi, ni ma haka na ga tawa, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Shekarar da ruwa ya shanye mana shinkafa a fadama ita ce shekarar da ciwo ya kwantar da Innarku. Aka yi na gida, aka yi na Kano, daga ƙarshe Auta, wato Halima, ta ce lalle sai an kawo ta Abuja inda take aure. Aka yi mata aiki, aka kuma fara ba ta wani magani ta jijiya da ake yi daki-daki. Maganin ya yi wa ciwon, amma ya kashe mata baki. Ta ce komai aka ba ta ji take kamar tana tauna tsumma. Auta ta dama kunu, ta dafa farfesu, ta sa aka kawo bandar kifi takanas daga gida, duk a dawo da kwano yadda aka kai shi. Matar da na sani da cika zane ta koma sai awarwaro yana zamewa daga hannunta. Rannan likitan ya zaunar da ni ya ce ba zai ƙara mata maganin ba sai ta yi ƙarfi, in kuwa aka daɗe ba a ƙara ba ciwon zai dawo. Sannan ya yi mini wata tambaya.

"Baba, wane abinci ta fi so a duniya? A fara da shi."

Da ya tambaye ni yadda ake bambance tattasan garin Miga da na garin Malam Madori da hanci kawai, da na ba shi amsa har ya gaji. Na yi ta lalube a kaina, sai na ce tuwon shinkafa da miyar kuka, don shi ta fi ƙwarewa a kai. Auta ta tuƙa a ranar, ta kaɗa miya da man shanu. Innarku ta dubi kwanon ta juya fuska bango. A daren nan na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ko lokacin da kwalekwale ya kife da ni ina saurayi.

Mijin Auta, Sadiƙu, injiniya ne da ya daɗe yana aikin layin dogo tare da mutanen Sin. Yaro ne mai kunya, bai cika magana a gabana ba, amma da safe ya durƙusa ya ce akwai wani gidan abinci da yake zuwa da abokan aikinsa, ɓangare ɗaya na girkin Japan, ɗaya na wani yanki na ƙasar Sin da ake kira Sicuwan. Ya ce suna da wani yaji da ko bakin da ya mutu sai ya motsa. Na ji abin ya taɓa mini sana'a.

"Sadiƙu, ni za ka gaya wa yaji? Tun ba a haifi ubanka ba nake cikin buhunan barkono. Kuma mutanen da aka ce ba abin da ba sa ci?"

"Baba, na san mai wurin, na san kicin ɗin. Kifi ne da awara da ganye. Ba zan kai ku inda za ku ci abin da bai halatta ba."

Innarku ta ce ba inda za ta, ita ba ta taɓa cin abinci a kasuwa ba. Auta ta ce ba ci za ta yi ba, iska kawai za ta sha ta ga gari. Da haka aka shawo kanta. Bayan azahar Sadiƙu ya kai mu, ya zaunar da mu, ya yi magana da masu wurin, sai ya ce zai je ya duba wani abu a mota. Bai dawo ba har muka gama. Ya san ko sama da ƙasa za su haɗe, surukarsa ba za ta tauna komai a gabansa ba. Allah Ya yi wa yaron nan albarka.

Tebur ne zagayayye, da gilashi a tsakiya mai juyawa kamar faifan garmaho. Babu labule, babu lungu, babu abin da za a rufe kwano da shi. Innarku ta waiga ta ce wa Auta a ba ta wancan teburin na can ƙurya. Auta ta ce na mutane ne, alhali ni da idona na ga ba kowa. Haka ta zauna kusa da ni, ta ja mayafi har goshi, ta harɗe hannu.

Na Japan aka fara kawowa. Wata 'yar miya ce a ƙoƙo, ruwa-ruwa, sai kuma ƙananan curin shinkafa jere a kan katako, kowane da yankan kifi a kwance a kansa, wani ja wani fari, an gyara su tsaf kamar kayan lefe. Innarku ta leƙo daga cikin mayafi, ta daɗe tana kallo.

"Auta, gawayi ne ya ƙare musu?"

"Inna, haka ake cin sa."

"Ɗanye? Ubana ya yi shekara sittin a kan ruwa, ko ranar da ashana ta jiƙe bai ci ɗanyen kifi ba."

Ni kuwa na ga dama ta samu in nuna mazantaka, ko ta gani ta yi sha'awa. Na gwada tsinkaye biyun da suke cin abinci da su suka ƙi ni, na ajiye su na sa hannu. A gefen katakon akwai wani ɗan kore da aka cura, na ɗauka irin dakakken ganye ne na ado. Auta ta ce in taɓa kaɗan. Na ce mata ta bar ni, abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba me zai yi wa dillalin barkono? Na kwashe shi duka na shafa a kan kifin na jefa a baki. Jama'a, barkonon da na sani a harshe yake tsayawa. Wannan bai ko gaisa da harshe ba, ta hanci ya bi ya hau tsakiyar kai. Hulata na cire, hawaye na zuba, ina neman salati yana kufce mini. Ina cikin wannan hali na ji wani sauti da na manta da shi: Innarku ce take dariya, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Sannu, Sarkin Barkono," in ji ta.

Da abin ya lafa, gaskiya kifin ya yi mini daɗi. Sanyi ne da shi da laushi, babu ƙarni ko kaɗan, shinkafar kuma da ɗan tsami-tsami. Ita ba ta taɓa shi ba. Amma na ga ta ja ƙoƙon miyar ta sansana, ta ce wa Auta wannan ai daddawa ce, sun dai tsinka ta da ruwa don rowa. Ta juya mini baya ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye. Ta ce ba ta jin komai.

Sai aka kawo na Sicuwan. Kwano ne babba kamar na wankan jariri, mai yana tafasa a ciki, busasshen barkono ya rufe samansa ja wur, yankan kifi fari fat suna leƙowa daga ƙasa. Na ɗauki barkonon guda na murza na sansana, na ce namu ya fi shi zafi, kuma har yau ina kan bakana. Amma a tsakanin barkonon akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar masoro, masu baki a buɗe. Na ɗebi kifin da su na ci. Da farko ƙamshi na ji kamar ɓawon lemun tsami. Can sai leɓɓana suka fara zir-zir, harshena ya ɗauki rawa, irin yadda ƙafa ke yi in ka daɗe a zaune a kanta. Na kurɓi ruwa, ruwan ma na ji shi wani iri. Ban san na ce "ikon Allah" da ƙarfi ba sai da mutanen teburin gaba suka waigo.

A nan wayar Auta ta yi ƙara, ko kuma ta ce ta yi, don ni ban ji ba. Ta tashi ta fita. Muka rage mu biyu da kwanon kifi a tsakaninmu. Na zuba shinkafa kaɗan a farantinta, na ɗora yanka ɗaya da 'yan ƙwayoyin nan, na ɗiga romon. Ban ce mata ci ba. Na juya kujerata na fuskanci taga, na ƙura wa motocin waje ido kamar an ba ni gadinsu. Zuciyata kuwa bugawa take kamar ranar da na fara zuwa zance gidansu. Na ji ƙarar cokali.

"Malam."

"Na'am."

"Ina jin harshena."

Ban juyo ba, don idona ya riga ya cika, kuma wannan karon babu koren abu da zan ɗora wa laifi. Na ji cokali ya sake motsi.

"Wannan ɗan'uwan fasaƙwari ne," in ji ta. "Kakata tana sa mana shi a yaji in muna mura. Malam, juyo mana, wuyanka zai ƙage."

Na juyo. Ta ajiye cokalin ta sa hannu. A ranar na san cewa Innarku ba ta duba kifi in tana cire ƙaya, yatsunta ne ke gani. Na san tana tara shinkafa gefe ɗaya ta fara cinye romo, tana kuma lumshe ido ɗaya in yaji ya kama ta. Gumi ya tsattsafo mata a hanci. Ta ce kifin na kiwo ne, bai taɓa ganin kogi ba, kitse ya yi masa yawa, tana faɗa tana ci. Da ta share farantin sai ta turo mini shi ba tare da ta dube ni ba.

"Ƙara mini."

Na yi shekaru ina jin kalmomi masu daɗi a kasuwa da masallaci, ban taɓa jin wadda ta kai wannan ba.

Mun ɗauka an gama, ashe da saura. Washegari Auta ta sayo irin kifin ta kai mata ɗaki, ta ci loma biyu ta ture. Da na shiga na zauna na sa hannu, ina ci ina shan iska da baki, sai ga ta ta matso. Ta ce ganin yadda nake wahala ne ke buɗe mata ciki. To, muka gane maganin biyu ne, yajin da kuma ni. Muka koma gidan abincin nan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Muka ci awararsu mai laushi kamar kindirmo a cikin jan romo, muka ci doguwar taliya mai gyaɗa, ta yarda ta ɗanɗana gasasshen kifin Japan mai zaƙi-zaƙi ta ce wannan dai sun yi hankali sun kai shi wuta. Ɗanyen kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa shi ba, ni ne na zama gwaninsa. Ƙarfinta ya dawo, likita ya ci gaba da magani, aka sallame mu muka dawo Haɗeja da kwalba cike da 'yan ƙwayoyin nan.

Magaribar farko a gida, aka zuba tuwona za a fitar. Na leƙa ɗakinta na ga kwanonta a rufe da faifai, ta jingina da bango tana jan carbi. Na san in na fita, haka zan dawo in same shi. Na ce a kai kwanon ƙofar gida kamar kullum, kada a rage ko loma, ni kuma a shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta. Ta dube ni ta ce abu ɗaya take roƙo.

"Kada ka kai ni ƙofar gida, Malam. Kada maza su zauna suna zancen cin abincina."

Na yi mata alkawari. Wannan alkawarin ne ya haifi duk ƙaryar da kuka ji, don duk wanda ya tambaye ni dalili sai in ce ba komai. Bukar ya yi haƙuri na 'yan kwanaki, sannan ya tare ni a bakin masallaci.

"Haruna, kwanonka na zuwa, kai ba ka zuwa. Mu almajiranka ne da za ka riƙa aiko mana sadaka?"

"Ba haka ba ne, Bukar."

"To yaya ne? In wani ya ɓata maka, faɗi. In kuma Abuja ce ta koya maka cin abinci a gindin mace, shi ma faɗi mu sani."

Na yi shiru. Shirun nan ya fi zagi yi masa ciwo, na gani a fuskarsa. Ba a jima ba aka fara kirana mijin-ta-ce a bayan ido, wani ƙanen Bukar ya gaje wurina na jikin bango, aka yanke ranar gayya sai a bakin yara na ji. Wanda ya fi ci mini rai shi ne auren 'yar Bukar ta ƙarshe. Tun tana cikin zanen goyo ya ce ni ne waliyyinta. Ranar ɗaurin aure ina zaune a sahu na uku na ji an kira sunan wani. Na dawo gida raina a jagule, har na ce a zuciyata gobe zan fita in faɗa musu komai. Da na shiga na tarar Innarku ta jera kwano biyu tana jirana, ta daka fasaƙwari da barkono don kwalbar Abuja ta ƙare. Na wanke hannu na zauna.

A irin wannan zaman ne wata rana aka yi miyar kuka, na ga tana cin tuwonta da romon kifi, ba ta ko kallon miyar. Na tambaye ta ko bakin ne ya sake mutuwa.

"Ni fa ban taɓa son kuka ba," in ji ta. "Ko warinta ba na so."

"Shekara arba'in kina kaɗa ta!"

"Ai kai kake so."

Ita kuwa ta ci gaba da cin tuwonta, har da tambayata ko zan miƙo mata ruwa.

Allah Ya ƙara mata 'yan shekaru masu albarka. Ta ga ɗan Auta na fari, ta yi masa wanka da hannunta, ta ga shinkafa ta yi kyau a fadama har sau uku. Duk tsawon lokacin nan ban ci tuwon dare a waje ba. Bayan rasuwarta, da aka share makoki, Bukar ya shigo har zaure da kansa, ya tsaya yana ta gyaran murya, sannan ya ce bangon nan fa yana nan inda na bar shi. Na koma. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba, maganar waliyyi kuma ba wanda ya tayar har yau. In ɗayanku ya karanta masa wannan, to ya ji, kuma ina fata ita ma za ta yafe mini, don yanzu ba abin da zancen maza zai rage ta da shi.

Abin da ya sa na bar ciyayya ke nan, ba girman kai ba, ba gona ba, ba gishiri ba. Na yi asarar wuri, na yi asarar waliccin 'yar aminina, kuma da za a mayar da ni magaribar nan, tabarmar ɗakinta zan sake zaɓa. Innarku tana son kan kifi fiye da tsokarsa. Tana son ƙanzon shinkafa, tana jiƙa shi da romo ta bar shi sai ƙarshe. Tana son kunun tsamiya ya huce har ya yi fata a sama, tana son yalo mai ɗaci, ba ta shan ruwa sai ta gama. Wani lokaci in na zauna a jikin bango an buɗe kwanuka, sai likitan nan na Abuja ya faɗo mini a rai, in ji ina ma zai sake yi mini tambayar nan.